Kafin Ki Sa Hannu a Takardar Tina

Tiga, ranar Asabar da hantsi

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin sauka Kaduna lafiya, kin samu ruwa kin yi sallah, kin miƙe ƙafafunki. Allah Ya haɗa ki da direba mai tsoron Allah, ba irin masu tsere da iska ba. Da gangan na cusa takardar a ƙarƙashin ƙullin bandar kifi, don na san halinki, kafin ki nemi sabulu kifin za ki fara nema. In ta yi ƙarni ki yi haƙuri, ƙarnin gida ne.

Ba labarin gida zan ba ki ba, don yanzu haka da nake rubutu ina jiyo ki a tsakar gida kina musu da Innarki a kan yawan yajin da take ɗura miki a jaka. Da na kira ki na faɗa miki baki da baki, amma ke 'yar fari ce, in na zauna gabanki da magana mai nauyi sai harshena ya sarƙe, in ƙare da tambayar ko kin ci abinci. Biro ba ya jin wannan nauyin, shi ya sa na aiko shi.

Ranar Litinin za ki kama aiki a ɗakin gwaji na kamfanin fenti. Duk gangar tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, da za ta shiga ƙofar kamfanin nan sai kin ɗiba kin gwada, kin sa hannu, sannan a buɗe wa ma'aikata. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina, masu kamun kifi a bakin dam sun gaji da jin labarin. Amma akwai abu ɗaya da ke damuna. Ba karatunki ba ne, ai kin fi ni sani nesa ba kusa ba. Kunyarki ce. Ke ce fa kika shanye kofin kunun da Gwaggo ta zuba wa gishiri a maimakon sukari, har kika ce mata ya yi daɗi, don kada ranta ya ɓaci. Mun yi dariya a ranar, amma ni dariyata ba ta kai ciki ba, don na san inda kika gado halin. A wurina kika gada. Wata rana wani babba zai tsaya a kanki da takarda yana jira ki sa hannu, alhali ma'aunin zafi ya faɗa miki wani abu daban. Wannan ranar nake jiye miki, kuma saboda ita na zauna zan tona wa kaina asiri.

Shekara ashirin da 'yan kai na yi a siton kamfanin fenti a Kano, kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne irin shirmen da na tafka a ciki. To gyara zama.

Da aka ɗauke ni, an kawo gangunan tina da takardarsu, na duba na ga an rubuta ɗari da hamsin, ɗan layi, ɗari biyu. Na tambayi wani lebura ya ce lambar zafi ce. Na ce ashe! To ai ko Kano a tsakiyar bazara ba ta kai rabin haka ba, me ake ɓoye waɗannan ganguna a inuwa kamar amare? Sito ya cika, sai na sa aka mirgina guda goma sha biyu waje, aka jera su a jikin bango inda rana ke duka tun daga hantsi har la'asar. Na tsaya na riƙe ƙugu ina jin ni ne mai dabara.

Mai kula da ɗakin gwaji a lokacin wani dattijo ne Bayarabe, Baba Lamidi, haifaffen Kano, Hausa a bakinsa kamar Bakanon ƙauye. Ya fito zai tafi sallar azahar ya hango ganguna a rana, marfin wasu har ya ɗan taso. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka mayar da su ciki nan take, sannan ya ce, "Isiyaku, gobe da sassafe ka same ni a bayan ɗakin gwaji."

Da safe na je. Ya zuba tinar 'yar kaɗan a marfin gwangwani, ya ƙyasta ashana ya wuce da ita ta sama. Shiru. Ya sake, shiru. Na ce a raina, ka gani ko, ai na faɗa. Ya ce in dawo bayan azahar. Ya ajiye wata 'yar kaɗan a rana ta ɗan jima, ya miƙo min ashana ya ce ni in gwada. Ni kuma da ƙarfin hali har da sunkuyawa don in gani da kyau. Fuu! Ummi, gashin bakin da na shekara uku ina tattali, rabinsa ya tafi a ƙiftawar ido. Baba Lamidi ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

Da ya gama ya ce, "Lambobin da ka karanta na tafasa ne. Wa ya ce maka wuta tana jiran abu ya tafasa? Sauko da idonka ƙasa." Ya nuna min wani layi a takardar, an rubuta arba'in. Ya ce daga wannan zafin, tururin da ke tashi a kan tinar ya isa ya kama in ya samu tartsatsi. Ku a makaranta kuna da sunanta da Turanci, mu a sito lambar wuta muke ce mata. Arba'in kuwa, ke ma kin san a watan Afrilu ko a inuwar darbejiya muna kaiwa, balle ƙarfe a rana.

Don haka in an miƙo miki takarda, kada idonki ya tsaya a kan lambar da ta fi girma. Kowace lamba da tambayar da take amsawa. Akwai ta tafasa, akwai ta wuta, akwai ta ajiya, kuma ba sa aron rigar juna. Ki fara neman lambar wuta, ki ɗora ta a kan zafin garin da kike, ba zafin ƙasar da aka buga takardar ba. Ki leƙa siton da kanki da rana tsaka, ki ji yadda rufin kwano yake hurawa. In mai kula da siton ya ce miki ai shekara da shekaru haka ake yi, ki tuna ubanki da rabin gashin baki.

Sai kuma ɗan harafin da ke bayan lamba. Wata rana aka kawo kaya daga waje an rubuta lambar wuta ɗari da 'yan kai. Na ce alhamdulillahi, wannan ta fi ruwan shayi haƙuri. Na ga harafin F a gefe maimakon C da na saba gani, amma na ji kunyar tambaya, kada a ce har yanzu ban waye ba. Allah Ya taimake ni Baba Lamidi ya leƙo kafin in yi wata ɓarnar, ya ce ɗari a wancan ma'auni talatin da takwas ne a namu. Haka nan akwai masu ɗan layi a gaban lambar wutarsu, wato ƙasa da sifiri, waɗannan ko a tsakiyar sanyi a shirye suke. In takardar ta sha hoto har ta dushe, kina shakkar layi ne ko datti, ki nemi ta asali. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu wanda aka taɓa kora don ya ce a sake nuna masa.

Yanzu ga wanda Innarki ta fi so, na san ma ta ba ki shi, amma nata akwai ƙarin gishiri. Ga na gaskiya.

Saura kwana huɗu ɗaurin aurenmu, na ce bari in burge surukai. Kakanki Malam, Allah Ya jiƙansa, yana da benci biyu a ƙofar zaurensa a Ƙofa, duk sun koɗe. Na ce ni da nake aiki a kamfanin fenti, a ce bencin surukina ya zauna haka? Na samo koren fenti mai kyau. Tinar da zan tsinka shi da ita ta gaza, sai na tattara ragowar gindin ganguna da aka yarda mu ɗauka, na ƙara kananzir, har da ɗan man gas don ta yi auki. Na ce ai duk ruwa ne mai wari, fenti ba zai tambaya ba. Na shafe benci biyu da ƙyauren zaure, suka yi sheƙi kamar ganyen albasa. Mutanen unguwa suna ta sa min albarka.

Ranar ɗaurin aure na taɓa da yatsa, na ji sama-sama ya bushe. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Malam ya fito cikin farar babbar riga da aka ɗinka don ranar, ya zauna a benci yana karɓar gaisuwa. Ya jima, rana ta ɗan taɓa shi. Da ya yunƙura zai tashi sai aka ji ƙyaaat, benci ya ɗan biyo shi sannan ya sake shi. Layi uku kore shar a bayan riga. Ni dai na roƙi ƙasa ta tsage ta ƙi. Malam ya waiga ya duba bayansa, ya dube ni, ya ce, "Isiyaku, 'ya na ba ka, ban ce ka biya ni da rini ba." Aka fashe da dariya, har yau in na je Ƙofa tsofaffi Angon Kore suke ce min.

Da na koma aiki na ba Baba Lamidi labari. Ya share hawayen dariya, ya jawo ni ɗakin gwaji, ya nuna min abin da ke za ki riƙa yi kullum. Ya zuba tina a kwalba mai dogon wuya, ya soka ma'aunin zafi, ya kunna wuta a ƙasa. Ya ce in zuba ido a bakin bututu. Da ɗigon farko ya faɗo ya ce in karanta ma'auni, wannan ita ce lambar farko. Muka jira har gindin kwalba ya bushe, ya ce in sake karantawa, wannan ita ce ta biyu. Ya ce, "Ɗan layin da ke tsakani ba ado ba ne, alkawari ne. Mai kaya yana cewa duk abin da ke cikin gangar nan ba ya tashi kafin wannan, ba ya wuce wannan. Lamba ta biyu ita ce baƙon ƙarshe a gidan biki, in bai tafi ba ba a rufe ƙofa. Kai kuma ka gayyato man gas, wanda ba ya da niyyar tafiya."

Daga ranar na gane in tazarar lambobin biyu 'yar kaɗan ce, digiri ɗaya ko biyu, abu ɗaya ne tsantsa a gangar. In tazarar da faɗi, haɗi ne, kuma haɗi ba laifi ba ne in shi aka ce a kawo. Laifin shi ne ya fita daga abin da takarda ta yi alkawari, ta sama ko ta ƙasa. In ya zarce ta sama, fenti ya ƙi bushewa, a ɓata rigar mutum. Wannan abin dariya ne. In ya zarce ta ƙasa, wato ɗigon farko ya zo da wuri, wannan ba abin dariya ba ne, kuma shi ne labarin da ban taɓa ba ki ba. Ki yi haƙuri da gwajin har ƙarshe, kada ki kashe wuta don an kira ki cin abinci ki ƙiyasta sauran da ka. Abin da idonki bai gani a ma'auni ba, kada hannunki ya rubuta.

Kin san Kawu Alhaji a hoto kawai. Ƙanen mahaifiyata ne. Lokacin da ruwan dam ya cinye garinmu ina yaro, muka taso nan da tukwane da awaki, shi ya riga ya shiga Kano yana saye da sayarwa. Shi ya ɗauke ni ya sa ni a makaranta, a gidansa na ci na sha, shi ya kai ni kamfanin ya ce a ɗauke ni. Ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Kina rarrafe a lokacin. Baba Lamidi ya tafi jinyar ɗan'uwansa na sati biyu, kuma da yake hannuna ya faɗa da gwajin, aka ce in riƙe masa. Ana cikin haka Kawu ya samu kwangilar kawo tina, ya zo da kansa da mota cike da ganguna, fuskarsa fal murna. Ya ce, "Isiyaku, ashe yau a hannun ɗana zan sauke kaya. Allah mai iko." Na durƙusa na gaishe shi, na ɗibi kaɗan na shiga ciki. Tun daga wari na ji wani abu, kamar akwai fetur a ciki. Na kunna wuta na zuba ido. Takarda ta ce ɗari da hamsin. Ummi, ma'auni bai kai tamanin ba ɗigon farko ya faɗo.

Na kashe, na wanke kwalba, na sake. Haka dai. Ta taga ina hango Kawu a inuwa yana raba wa leburori goro, yana nuna ɗakin da nake ciki yana faɗa musu ɗansa ne. Na ce a raina yaya zan fita in ce wa mutumin nan kayansa ba su da kyau, a gaban jama'a? Sai shaiɗan ya kawo min hujjoji masu kyau. Wataƙila ma'aunin ne ya lalace. Wataƙila wannan gangar ce kawai. Ai damina ce, gari da sanyi. Ai fenti za a yi, ba sha za a yi ba. Na ɗauki biro na rubuta ɗari da hamsin, na sa hannu. Na fito ya dafa kaina ya sa min albarka, albarkar ta yi min nauyi kamar dutse.

Kwana uku bayan nan, da safe, an yi ruwa gari ya yi luf. Akwai wani mai haɗa fenti, Salisu, mutumin Riruwai, mai barkwanci, duk wanda ya zauna kusa da shi sai cikinsa ya yi ciwo don dariya. Ya zuba sabuwar tinar a daro yana wanke kayan aiki kamar yadda ya saba kullum. Can gefe mai walda yana gyaran ƙofa. Da tinar ƙwarai ce, a sanyin safiyar nan, da wuya wani abu ya faru. Amma tururin fetur ƙasa yake bi yana rarrafe, ba a ganinsa. Tartsatsi ɗaya ya faɗo. Ina sito na ji ihu.

Allah Ya kiyaye wutar ba ta kai ganguna ba, da ba ki san ni ba. Amma hannayen Salisu biyu sun ƙone har gwiwar hannu. Ya yi watanni a asibiti, ya fito yatsu biyu na dama sun ƙage ba sa lanƙwasuwa, aikin kamfani ya gagara, ya koma gida noman masara.

Baba Lamidi ya dawo, ya ɗibi tinar ya gwada shi kaɗai, sannan ya kira ni ya rufe ƙofa. Tambaya ɗaya ya yi min. "A nawa ɗigon farko ya faɗo maka?" Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ashe ka gani." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Aka mayar da ni sito, na shekara ban taɓa kwalbar nan ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na Kawu. Na je gidansa na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ashe shi ma cutarsa aka yi, wanda ya sayar masa ne ya yi algus, shi ko bambancin tina da ruwan rijiya bai sani ba sai a wari. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce, "Ka gani, ka ƙyale ni? Isiyaku, don me na sa ka a makaranta? Na sa ka ne don ka ga abin da ni ba na gani, ka faɗa min. Da ka fito ka ce Kawu kayan nan da matsala, da na juya motar na je na shaƙe wanda ya ba ni. Yanzu ka sa hannuna a cikin ƙunar bawan Allah." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Kin gani ko? Kunyar da na ji ba ta amfani kowa ba. Ba ta rufa wa Kawu asiri ba, tona masa ta yi. Ni ina ganin ladabi nake yi, ashe tsoro ne ya sa rigar ladabi.

Shekara takwas na yi ban iya zuwa Riruwai ba. Duk Sallah sai in ce bana zan je, sai in samu dalili. Ranar da na je, na same shi a gona da hantsi, yana riƙe da fartanya da wata irin dabara, masara ta fi shi tsawo. Ya hango ni ya ce, "Kai! Angon Kore! Wa ya mutu?" Muka zauna a gindin ɗorawa, na fara kame-kame. Ya katse ni ya ce, "In maganar takarda ce, na sani tun ina asibiti, kuma tun a can na yafe. Kai ne dai ka ɗauki kaya ka yi ta yawo da shi shekara takwas, ba wanda ya aike ka." Na yi kuka kamar yaro, shi kuma yana ta zolayata wai in bari kada in jiƙa masa taki. Da zan tafi ya cika min buhu da ɗanyar masara. Ya miƙo min hannu muka yi musabaha, na ji yatsun nan biyu a tafina, sandararru. Ya yafe, amma yatsun ba su miƙe ba, kuma ba za su miƙe ba.

To Ummi, ga abin da nake so ki yi in ranarki ta zo, don za ta zo. Wataƙila manaja ne yana sauri, injina sun tsaya ana jiran kaya. Wataƙila ɗan kwangila ne sa'an kakanki, da furfura da carbi, yana ce miki 'yata. Wataƙila ma mutumin kirki ne, irin Kawu, wannan ya fi wuya. Ki gaishe shi yadda muka koya miki. Ki ba shi kujera, ki kawo masa ruwa. Sannan ki ce, "Ranka ya daɗe, zo ka gani." Ki sake gwajin a gabansa, ki nuna masa ma'auni da yatsa, ki nuna masa takarda. Ba sai kin ɗaga murya ba, ba sai kin ce wani ya yi algus ba, ba ki sani ba. Ki ce lambar da ta fito ba ita ce a takarda ba, kuma ba za ki iya sa hannu ba. Ki rubuta abin da kika gani, ki kai wa na gaba da ke. Muryarki za ta yi rawa, ƙafafunki ma za su yi. Ki bar su su yi ta rawa, hannun dai kada ya motsa.

Za a ce miki abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a sha'anin duniya, kuma ina so ki riƙe shi a zaman aure da zaman maƙwabtaka. Amma babba ba ya hango cikin ganga. Ke aka ba kwalba da ma'auni, kuma a bayan ƙofar ɗakinki akwai mutane da za su tsoma hannu a abin da kika ce ba komai, ba tare da sun tambaya ba, don sun yarda da ke. Yawancinsu ba za ki taɓa sanin sunansu ba, kowannensu kuma akwai mai jiran ya dawo gida da yatsunsa goma.

Sauran nasiha Innarki ta yi miki ta ishe ki shekara. Ki riƙe sallah a kan lokaci. Ki sa safar hannu da abin rufe hanci ko da sauran suna miki dariya, ni yanzu ba na jin ƙanshin miya sai an kawo ta dab da hancina. Ki ɗaure mayafinki tamau in kina kusa da wutar gwaji. Ki ci abinci, ban yarda da shayi da biredi safe da rana ba. In kin samu irin Baba Lamidi a wurin, mace ko namiji, ki riƙe shi hannu biyu, ki jure dariyarsa.

Tun kina ƙarama nake ce miki ki sunkuyar da kai a gaban manya, kada ki mayar da magana, kada ki ce wa babba a'a. Kin bi, har kin fi yadda na so, Allah Ya yi miki albarka. Yau ni da na ɗora miki, ni nake sauke miki shi a wuri ɗaya. Daga ƙofar ɗakin gwajin nan zuwa ciki, babu babba sai gaskiyar abin da kika gani. Ko ni ne na zo da ganguna, da furfurata da komai, na ce Ummi sa min hannu, ki dube ni a ido ki ce, "Baba, a'a." Wallahi ranar zan san na haihu.

In kuma a'ar nan ta sa sun ce ki ajiye musu aikinsu, kada ki tsaya kuka a bakin ƙofar kowa, kada ki ji kunyar dawowa. Ki bugo min waya kawai. Zan sa babbar rigata ta Juma'a in zo Kwanar Ɗangora in tsaya a bakin titi tun kafin motarku ta iso, ni zan ɗauko miki jaka a ka, kuma duk wanda ya tambaye ni a hanya zan ce masa 'yata ce, ta yi abin da ubanta ya kasa.

Allah Ya tsare min ke a tafiya da zama, Ya tsare ki daga wuta ta duniya da ta lahira, Ya tsare hannayen duk wanda zai yi aiki da abin da kika sa wa hannu. Allah Ya ba ki shugabanni masu jin gaskiya, Ya sa albarka a abincinki, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki tana gaishe ki tun kafin ki tafi, ƙannenki ma haka. Ki gaida mutanen gidan da za ki sauka, ki ce na gode, Allah Ya bar zumunci.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki mai yi miki addu'a kullum,
Isiyaku